Asabar Ɗin da Muka Bar Filin Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan bencin da ke bakin filin ƙwallo. Mai tallan rake ce ta lura ya daɗe bai motsa ba, ta je ta gaishe shi sau biyu bai amsa ba, sai ta sa ihu. Kafin a samo keke a kai shi asibiti ya riga ya cika. Ina shagona a Sabon Tasha, nan Kaduna, ina buga wa wani takardar neman aiki aka kira ni, na bar masa shagon a buɗe na fito. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma in faɗi abin da muka yi masa da hannunmu muna ganin girmama shi muke yi.

Kafin yamma gidansa na Unguwar Boro ya cika har waje. Matan zumuntar coci sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna waƙa, maza suna ƙarƙashin rumfa a kan kujerun haya. Matarsa, wadda muke kira Anti, tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, duk wanda ya ce mata sannu da haƙuri sai ta ce, "Na faɗa masa. Na ce filin nan sai ya ga bayanka. Ga shi nan." Mama kuwa, ƙanwarsa, tsayawa ta yi a bakin ɗakinsa ta riƙe ƙugu ta ce, "To, yanzu kam zai je gida, ko yana so ko ba ya so." Gida a bakinmu shi ne ƙauye, kuma akwai tsohuwar rigima a ƙarƙashin maganar, zan zo kanta.

Tsofaffin 'yan wasa suka shigo a jere, wannan na ɗingishi, wancan gwiwa a ɗaure. Ba su gama gaisuwa ba ɗaya ya juya ya tambayi ɗan'uwansa, "Yanzu wa zai ja layi?" Anti ta watsa masa harara, ya haɗiye sauran.

Na ƙarshe da ya iso shi ne Alhaji, tsohon golan ƙungiyar, abokin Kawu na shekara da shekaru. Daga Tudun Wada ya taso, keke biyu ya canza. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Anti ya yi mata ta'aziyya. Da zai tafi ya yafito ni gefe ya ce, "Sakatariya, duk abin da za a yi, a bar mutum a filin nan. Ko mutum ɗaya ne." Na ce to, Baba Alhaji. Hankalina a lokacin yana kan shinkafar baƙi, wadda ta ƙi isa.

Filin yana bayan wata tsohuwar masaƙa ne wajen Kakuri. Kawu ya shiga masaƙar yana saurayi, aka ba shi kula da filin ƙungiyar ma'aikata saboda, in ji shi, manaja ya ga ba zai iya tsayawa wuri ɗaya a gaban inji ba. Masaƙa ta mutu, aka kwashe injuna, ciyawa ta cinye ofisoshi, amma ƙungiya ta rayu. Wani ɗan kasuwa ya karɓe ta, mu dai Ciyaman muke ce masa. Kawu ya ci gaba da zama a filinsa. Ba wanda ya taɓa ba shi takardar sallama, shi kuma bai je nema ba.

Duk Juma'a da yamma yakan dama farar ƙasa a bokiti, ya ja igiya, ya bi ta da wani gwangwani da ya huda. In layi ya karkace ko da faɗin yatsa ne, sai ya goge da ƙafa ya sake. A gidansa kuwa ƙofar banɗaki ta shekara biyu a jingine, Anti ta yi mita har ta gaji ta rataya labule. Ni ya riƙa sa wa rubuta sunayen 'yan wasa tun ina sakandare, don ya ce rubutuna ba ya gudu. Daga nan sunan Sakatariya ya bi ni, daga nan kuma na sami sana'ar da nake ci da ita yau.

Dattijo ne a cocinmu, amma buta goma sha biyu gare shi. Ranar wasa mutanen Tudun Wada sukan ƙetaro gada mota-mota, shi kuma tun da rana ya share musu kusurwar gabas, ya cika butoci ya jera, don su yi la'asar kafin a take. Wani a coci ya taɓa tare shi ya ce, "Elda, wannan butoci naka fa, mutane na magana." Kawu ya ce, "Ruwa ne a ciki, ba wani abu ba. Kai ma in kana so ka zo ka wanke bakinka." Bayan da gari ya rikice, Musulmi da Kirista kowa ya koma gefensa na kogi, ban san wani wuri ba, in ban da filin nan, da na can da na nan suke zama kafaɗa da kafaɗa suna zagin rafali da baki ɗaya. Ina son wurin, ban kuwa san yawan son da nake masa ba sai yanzu.

Abin ya fara lalacewa ne daga nasara. Ƙungiyarmu ta hau babban rukuni, muka yi kwana uku muna murna. Sai ga masu duba filaye da takarda a hannu: babu kujeru, babu katanga, babu ɗakin canza kaya, ba za a buga babban wasa a nan ba. Ciyaman ya shiga rediyo ya ce shi ƙungiya yake ciyarwa, gina sitadiyam ba aikinsa ba ne, in ba a gina masa ba akwai wata jiha da ta yi masa tayin nata. Hukuma ta ce ba ta da kuɗi. Gardama ta ɓarke a cikin keke, a teburin mai shayi, har a bakin coci bayan sujada. Wasu na cewa, asibiti ba magani, titin unguwa duk rami, sai a ɗauki kuɗin jama'a a gina wa mai kuɗi wurin kasuwancinsa? Wasu na cewa ku tambayi masu tsire da masu keke da masu ruwan leda abin da suke samu ranar wasa. Ni ina cikin masu cewa a gina, ba zan ɓoye ba, don ni ke buga tikiti.

Sai wata shawara ta uku ta ɓullo, ba a san daga bakin wa ta fara ba. A sayar da tsohon fili a gina shaguna, a ɗora kuɗin a matsayin harsashin sabon sitadiyam can bayan gari. Wa zai sayar, ba a faɗa ba. Tun da masaƙa ta mutu babu wanda ya san hannun da takardar filin take.

Aka kira taro a zauren wata firamare. Wani mai kwat ya zo da ƙaton hoton sitadiyam, ga fitilu, ga kujeru masu launi, ga wurin ajiye motoci. Muka yi ta tafi, nawa ma ya fi na kowa ƙara. Kawu ya miƙe, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, hoton nan ya yi kyau. Tambaya ɗaya ce da ni. Wanne za a fara, sayar da wannan ko gina wancan?"

"Baba, ai firoses ne," in ji mai kwat. "Mataki-mataki ake bi."

"Ni tsoho ne, na ga firoses. Masaƙa ma da za a rufe ta, hoton sababbin injuna aka nuna mana. Ku gina wancan, in ga ƙwallo ta gangara a ciki. Ran nan ni da kaina zan kawo muku makulli."

Aka fashe da dariya, wani daga baya ya ce tsohon nan ba ya son ci gaba. A hanyar gida na ce, "Kawu, gaskiya yau ka ba mu kunya." Sai da muka kusa sauka ya juyo. Sannan ya ce, "Ke takarda kika sani, Sakatariya. Filin nan ba takarda ke riƙe da shi ba, ƙafafun mutane ne. Ranar da Asabar ta yi babu ƙafa a kansa, ranar ya tafi."

Ƙungiya ta tafi waccan jihar. Kakar wasa ɗaya aka ce mana, kafin a daidaita. Yanzu ana cikin ta uku, har an liƙa sunan garin can a jikin rigar. Sabon sitadiyam kuwa yana nan a hoto. Mun koma kallon yaranmu a waya, suna cin ƙwallo a gaban mutanen da ba su san sunansu ba.

Kawu bai zauna jiran kowa ba. Ya tattara tsofaffin 'yan wasa da duk mai sauran numfashi, ya ce kowace Asabar akwai wasa, ko ruwa ake ko rana. Wasa ne na ban tausayi, masu tumbi suna bin ƙwallo suna riƙe ƙugu, Alhaji a raga yana kama abin da ya zo daidai ƙirjinsa yana yafe sauran. Amma ana yi. Dalilinsa a fili yake faɗa. Masu cin fili ba sa zuwa ranar aiki, lokacin da mutum zai iya rugawa ofis ko kotu. Asabar suke zuwa da sassafe, kafin Litinin an zagaye wuri, sai a ce ka je ka kawo takardarka. Idan kuwa suka tarar da mutum talatin suna wasa, wasu ɗari suna kallo da waya a hannu, ba za su sauke ko bulo ɗaya ba.

Da farko na ɗauka tsufa ne ke sa shi ganin abin da babu. Sai wata Litinin ya kira ni ɗakinsa ya jawo buhu daga ƙarƙashin gado. Turaku ne na katako, kawunansu da jan fenti, irin waɗanda safiyo ke kafawa. Ya ce a bayan raga ya tsince su, ya tuge. Bayan wata biyu buhun ya ƙara nauyi. Akwai kuma wata mota mai baƙin gilashi da kan zo ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ranar wasa, ba mai fitowa, in an tashi ta tafi. Daga baya aka fara kiransa a waya da lambar da bai sani ba. Ba zagi, ba barazana. Mai kiran yakan ce, "Baba, ya jiki? Muna dai tambayar lafiyarka ne." Kawu ya ce a duk rayuwarsa ba a taɓa yi masa gaisuwar da ta sa shi sanyin jiki irin wannan ba.

A cikin wannan hali babban yayansu ya rasu a ƙauye, aka sa jana'iza ranar Asabar. Kawu ya tafi Alhamis, ya gaida kowa, ya taya haƙa kabari, ya kamo hanya ranar Juma'a. Mama ta tare shi a bakin mota.

"Yaya, ina za ka?"

"Gobe akwai wasa."

"Wasa? Ciyawa ta fi maka ɗan'uwanka, uwa ɗaya uba ɗaya? Wallahi in ka shiga motar nan, kada ka ƙara kirana ƙanwarka."

Ya shiga. Shekara guda ba ta yi masa magana ba, saƙo sai ta bakina, ni ce ƙwallon da suke bugawa. Masu kallo sun gaya mini Asabar ɗin nan ya busa usur aka take, sannan ya koma bayan raga ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa na girgiza har aka tafi hutun rabin lokaci. Na gaya wa Mama, ta ce kukan banza.

Bayan nan ne, wata Juma'a ina riƙe masa bakin igiya, ya ce, "In na mutu, ku sa ni a nan cikin gari, Laraba ko Alhamis, da safe. Kada ku kai ni gida ran Asabar." Na yi dariya na ce, "Kawu, har mutuwa za ka tsara wa jadawali?" Ya ce, "Ja igiyar, ta yi sako-sako." Ban sake tuna maganar ba sai da ya kwanta a mutuware.

Asabar ta farko bayan rasuwarsa filin ya cika maƙil, aka yi wasa don tunawa da shi. Motar nan ta zo ta tsaya a inda ta saba. Washegari dangi suka zauna tsara jana'iza, ƙanen kakanmu ya zo daga ƙauye don ya jagoranta. Na tattaro ƙarfin hali na faɗi wasiyyar Kawu. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa.

"Dattijo kamar wannan a binne shi a bariki, kamar wanda ba shi da kowa? Me za mu ce wa mutanen gida?"

Mama ta karɓe. "Ya guje wa kabarin yayansa da ransa, ba zai guje masa a mace ba. Kusa da shi za a sa shi."

Aka sa Asabar, don ita ce ranar da ma'aikata ke samun zuwa. Na amince. Zan iya cewa ba a musu da manya, amma gaskiyar ita ce ni ma haka nake so. Ina so ƙauye ya ga motoci, ya san mutumin da suke kira mai sharar fili babban mutum ne a Kaduna.

Magoya baya suka ce kowa zai je. A wurinmu rakiyar gawa zuwa gida ita ce ƙarshen zumunci, wanda aka bari a baya kuwa kamar an ce masa ba ya cikin dangi ne. Na tuna roƙon Alhaji, na sami mutum biyu na ce ko za su zauna su kula da fili. Na farko ya ce, "Ni? Mutumin da ya saya mini takalmin ƙwallo na farko?" Na biyu ya ce in na ƙara faɗa masa haka za mu ɓata. Sai na bar zancen, na ce a raina Asabar ɗaya ce.

Fostar sanarwar jana'izar, da hannuna na tsara ta, a kan takarda mafi kyau da ke shagona. Hotonsa a tsakiya yana murmushi, a ƙasa kuma tsarin komai dalla-dalla. Juma'a a ɗauko shi daga mutuware a kama hanya. Asabar jana'iza. Lahadi sujadar godiya. Litinin dawowa. Har na ƙara layi da manyan baƙaƙe cewa dukkan magoya baya da tsofaffin 'yan wasa za su raka shi, motoci za su tashi daga bakin fili. Na liƙa a ƙofar filin, na liƙa a jikin mangwaro, na liƙa a kan titi har bakin kasuwa. A wajen zaman makoki wani mai tsabtar kaya, wanda ban sani ba, ya karɓi guda biyu, ya karanta a hankali ya ce, "Madam, Litinin kenan za ku dawo?" Na ce e, da yardar Allah, na sa aka kawo masa lemo.

Jana'iza ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mota uku cike, kowa da riga mai hoton Kawu. 'Yan wasa suka ɗauki akwatin a kafaɗa daga coci har bakin kabari, matan zumunta suka yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Tsofaffin ƙauye suna ta tambaya, wai duk wannan jama'a tasa ce? Kaina ya kumbura. Ƙauyenmu ba sabis ɗin waya, sai an hau dutse, kuma babu wanda ya ga dalilin hawa.

Litinin da azahar muka shigo gari. Direban motarmu ya wuce filin bai sani ba, sai da wani ya ce ya tsaya, ya dawo baya. Sabon kwano ne, dogo, ya zagaye wurin gaba ɗaya, yana ƙyalli har ido ba ya iya kallonsa. Babu allo, babu suna. Daga ciki ana jin tifa tana juye yashi. An fito da bencin Kawu an ajiye a bakin kwata, Alhaji na zaune a kai, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Na sauka na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Sannunku da hanya. An sa shi lafiya?"

Na ce lafiya lau, Baba Alhaji.

"Madalla. Ni da ba zan iya doguwar tafiya ba, na ce bari in zo in zauna. Ina idar da asuba ran Asabar na taho, na sa kujera a tsakiyar fili. Wajen ƙarfe takwas suka iso, manyan motoci biyu. Na kira ki, na kira kowa, ba ta shiga. Ba su taɓa ni ba, wallahi, har ruwa ɗaya ya kawo mini. Ina zaune suna bugawa, sai da suka zo kwano na ƙarshe suka ce in fito za su rufe. Jiya na dawo, yau ma na dawo, don kada ku ji a bakin wani. Bayan yau kuma ban san abin da zai ƙetaro da ni ba."

"Ba ka ce musu komai ba, Baba?"

"Na ce. Na ce wa babbansu, yau akwai wasa a nan, ba a taɓa fashi ba. Ya cire hula ya gaishe ni, ya ce, to Baba, ina 'yan wasan?" Alhaji ya share fuska da hannun riga. "Na duba gabas, na duba yamma, Sakatariya. Babu kowa sai ni."

Na waiwaya. 'Yan wasan suna bayana, suna saukowa daga motoci ɗaya bayan ɗaya, sanye da rigunan da ni na buga.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. In ana kai labarin duniya inda kake, ina roƙo kada a kai maka wannan.